Sawun da Ya Ratsa Fangalin Albasa

Da hantsin ranar Asabar ɗan acaɓa ya sauke Malam Nata'ala a ƙofar gidan gonar Alhaji Abdulkahar, ya tarar mutanen ƙauyen sun riga sun gama shari'ar a bakinsu. Suna tsaitsaye gungu-gungu a gindin darbejiya, kowa da abin da ya ji: sarƙar gwal ta ɓace daga ɗakin baƙuwa, an ga sawu a lambu, mai kula da lambun yana ɗaure a ɗakin ajiyar taki tun asuba. Da suka gan shi sai maganar ta yi ƙasa, aka dare masa hanya. Duk sun san shi. Shekara arba'in yana bin sawun shanun da aka kora da masu fasa rumbu, daga Jahun har Kiyawa, ba a taɓa jin ya tsaya a ƙofar da ba ita ba. Sun kuma san wanda ke ɗaure ɗin, Kamilu, mijin 'yarsa ne.

Alhaji Abdulkahar tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya ya sayi fili a gefen duwatsu, tafiyar rabin awa daga Dutse. Ya dasa dabino da mangwaro da gwaba, ya gina ɗakuna shida. Duk shekara in an yi dogon hutu, tsakiyar damina, 'yan'uwansa sukan zo su yi masa mako biyu, a sha fura da nonon safe, a gasa sabuwar masara, jikoki su yi ta guje-guje tsakanin itatuwa. Bana ƙanwarsa Hajiya Hamida ta zo daga Kano da ɗanta Abdulrauf da direbanta Sani. Yayarsu Maimuna kuma, wadda kowa a gidan ke kira Yaya, ta zo daga Taura a motar haya. Kamilu ke kula da lambun shekara shida ke nan, matarsa Talatu ke yi wa baƙi girki.

Talatun ce ta aika a kira ubanta. Ya same ta a bakin madafi da cikinta na wata bakwai, idanu sun kumbura. 'Yar farinsa ce, bai taɓa kiran sunanta ba, ita ma ba ta cika ɗaga ido ta dube shi ba. Ran nan kuwa gefen rigarsa ta kama.

"Baba, ka duba musu ƙasa," in ji ta. "Kai kaɗai za su yarda da maganarka."

Alhaji ya ja shi gefe ya ba shi labari. Jiya Juma'a an tafka ruwa bayan an sauko daga masallaci. Da ya ɗauke, wajen la'asar, kowa ya fita inuwar mangwaron ƙofar gida cin gasasshiyar masara. Sai da asubar yau Hajiya Hamida ta buɗe akwatinta ta ga ba sarƙa. Ba a fasa kwaɗo ba, mukullin yana ƙarƙashin filo inda ta bar shi. Ɗakin yana da ƙofar baya da ke kallon lambu, kuma daga nan sawun ya fara. Abdulrauf ya so a tafi Dutse tun da safe a kai ƙara, shi Alhajin ne ya roƙi a jinkirta zuwa la'asar.

"Iyakar abin da na iya samu ke nan, Malam," ya ce. "Ba kayana ba ne, na baƙuwata ne."

*

Nata'ala ya cire takalminsa ya tsuguna a bakin ƙofar baya. Bai yi minti ɗaya ba ya gane sawun. Sawun takalmin ruwa ne, irin doguwar robar nan ta masu lambu, kuma a dugadugin na hagu akwai faci da guntun taya, an yanka shi a karkace. Ya san facin. Yana zaune a kasuwar Jahun bara aka yi shi.

Ya bi sawun ya ratsa lambu, ya ƙetare magudanar ruwa, ya hau wani falalen dutse kusa da shingen zogale ya ɓace a can. Ya gano wani layin kuma da ya dawo ta gefe, ya ƙare a gindin famfo kusa da ƙofar baya. Ya daɗe a tsugune fiye da yadda aikin ya buƙata. Yana iya cewa ruwa ya lalata sawun, ba mai ƙaryata shi. Amma mutum biyar na tsaye a kansa, kuma bai taɓa yin hakan ba.

"Sawun wa ne, Malam?" Abdulrauf ya tambaya. Saurayi ne dogo mai gemu, ɗan jami'a, tun zuwan Nata'ala bai zauna ba.

"Takalmin Kamilu ne."

Bai waiwaya ba, amma ya ji sautin da ya fita daga bakin Talatu, ya ji ta dafa ƙofa. Ya ɗaga murya ya ce takalmin ya ambata, bai gama ba tukuna. Ba wanda ya saurara. Kafin ya miƙe maganar ta kai gindin darbejiya: surukinsa ma ya faɗa da bakinsa.

Shekarar ce ta biyu da fara shari'a a jihar. Ba wanda a ƙauyen ya taɓa ganin an yanke hannu da idonsa, amma kowa yana da rediyo. Abdulrauf ya shiga jero sharuɗɗa kamar mai biya karatu: an ɗauki kaya daga ma'ajiyarsa, kayan sun wuce nisabi, mai ɗauka baligi ne mai hankali, ba yunwa ta sa shi ba tun da a gidan yake ci. Alhaji ya ce masa ya isa. Abdulrauf ya duba agogonsa.

*

An buɗe wa Nata'ala ɗakin taki. Kamilu na zaune kan buhu, an ɗaure masa hannaye ta baya da igiyar guga. Ko a haka sai da ya yi ƙoƙarin durƙusawa ya gaida surukinsa, ya kusa faɗuwa.

Ya ce takalmin nasa ne, bai musa ba. Kullum in ya tashi aiki a gindin famfo yake barin sa, jiya ma haka ya yi kafin ya tafi Juma'a. Bayan ruwa ya ɗauke ya sa silifa ya tafi gonar masara ta can baya ya karyo wa baƙi, sahu uku ya yi. Wa ya gan shi a can? Ba kowa. Da safen nan ya ga takalmin a inda ya bar shi, da ɗanyen taɓo a jiki, bai kawo komai a ransa ba sai da aka rufe shi da tambaya.

Nata'ala ya tambaye shi ko ya taɓa ganin sarƙar. Ya ce bai ma san akwai ta ba.

Da ya juya zai fita, Kamilu ya yi magana yana kallon ƙasa. "Baba, in sun tafi da ni, ka tafi da ita gida yau. Kada ta haihu a nan." Sai ya ƙara, kamar da kansa yake magana, "Ni fartanya kaɗai na iya."

Nata'ala ya fita, aka mayar da ƙofa aka rufe.

A waje wani dattijo ya tare shi da abin da ya gani: motar baƙi ta fita jiya da la'asar, ba ta dawo ba sai bayan magariba. Ga shingen zogale kuma bai da nisa da titi. Nata'ala ya kama wannan zaren da hannu biyu. Ya zagaya bayan shinge, ya bi sawun taya, ya leƙa kowane kwari, sannan ya titsiye Sani direba a jikin mota. Sani ya fara rantse-rantse, ya ce mai ya je sha, ya dawo ya ce faci ya je yi. Sai da Nata'ala ya ce to su je gaban Hajiya a maimaita, sannan ya sunkuyar da kai ya ce zance ya je wajen wata yarinya a cikin Dutse, ba da izini ba, kuma yayanta ma ya gan shi. Nata'ala ya dubi ƙafarsa. Faffaɗa ce kamar faranti, ko rabinta ba za ta shiga takalmin Kamilu ba. Bayan shingen kuma babu sawun ɗan Adam ko ɗaya, sai na awaki.

Aka kira azahar. Ya ɓata awa biyu a banza, ga gabas ta fara baƙi.

*

Hajiya Hamida ta yi masa magana daga bayan labule. Ta ce ba ta da gaba da kowa, sarƙarta kawai take so. Tsohon gwal ne mai nauyi, irin wanda ba a samu yanzu. Ta taho da ita ne don ta nuna wa 'yan'uwa kafin ta kai wa maƙeri a Kano ya narka ta, a ƙera wa 'yarta ta zamani, bikin bayan salla. Jiya da safe ma ta fito da ita kowa ya gani. Mukulli kuwa, duk mai gyara mata gado ya san inda yake.

Yaya Maimuna na zaune kan tabarma a tsakar gida, ta miƙe ƙafa, tana zage zogale a faranti. Tsohuwa ce siririya, sa'ar Nata'ala ko ta ɗan girme shi. Ta ce ita jiya ba ta daɗe a wajen masara ba, haƙoranta ba su iyawa, ta koma ɗaki ta kishingiɗa. Ba ta ji komai ba, ba ta ga kowa ba. Ya tambaye ta ko ta san sarƙar.

"Sarƙar Inna? Na san ta," ta ce. Ta ci gaba da zagar ganye. Can sai ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Yaron nan ba ɓarawo ba ne, Malam. Ka duba da kyau."

Ya ce yana dubawa. Ta tura masa kwanon fura, ya ce ya ƙoshi. Ya lura ganyen da ta zage rabi a faranti yake, rabi a kan tabarma, amma bai ɗauki abin da muhimmanci ba.

Ya roƙi Alhaji a hana kowa shiga lambu, ya koma shi kaɗai. Wannan karon ba a tsugune ya bi ba, da gwiwa ya bi, fuskarsa kusa da ƙasa, don idonsa ya fara yin hazo tun bara, bai gaya wa kowa ba.

A tsakiyar lambun akwai fangalin irin albasa, ya fito sirara kore shar, an yi masa rumfar kara don kada ruwa ya kwantar da shi. Sawun ya ratsa ta gefensa, ya tattake layi biyu. Nata'ala ya tsaya. Ga tsoffin sawayen Kamilu nan, na shekaranjiya da na kwana uku, waɗanda ruwan jiya bai gama shafewa ba, duk sun zagaye fangalin har sun yi 'yar hanya. Mutumin da ya yi mako uku yana lallaɓa iri ba ya taka shi, ko korarsa ake yi. Ƙafarsa ta riga ta san hanya.

Ya auna taku da tafin hannu. Na Kamilu ya kai hannu huɗu da ɗoriya, wannan da kyar ya cika uku. Ya sa yatsa cikin sawun: tsakiya ya nutse, gaba bai nutse ba, ga alamar jan dugadugi kamar takalmin na neman zamewa. Ƙaramar ƙafa ce cikin babban takalmi. Sannan a gefen kowane taku, inda ƙasa ta yi laushi, akwai wani ɗan shafe kamar an ja tsumma. Bakin zane ne.

Farin cikin bai kai ƙirjinsa ba ya mutu. Mace ce. Wace mace ce ta fi kusa da takalmin Kamilu? Wace ce ke gyara gadon Hajiya, ta san inda mukulli yake, take kaiwa da kawowa tsakanin madafi da inuwar mangwaro ba mai lura da ita?

Ya zauna daɓas a ƙasa. In ya yi shiru, za a tafi da Kamilu da la'asar. In ya yi magana, za a juya kan 'yarsa. Ga shafen zanen nan a gabansa, tafin hannu ɗaya ya isa ya goge shi. Ya ɗora hannun a kai, ya daɗe, sannan ya ɗauke. Abin da ya yi bayan nan shi ya fi ba shi kunya: ya lallaɓa ta bayan madafi, inda Talatu ke zubar da ruwan wanke-wanke, ya tsuguna yana auna sawun 'yarsa kamar na baƙuwa. Nata ya buɗe, yatsu sun kalli waje, dugadugi ya nutse, tafiyar mai tsohon ciki. Na lambun a tsuke yake. Amma ƙafa tsirara dabam, ƙafa cikin takalmin wani dabam, ya san wannan ba hujjar da za ta tsaya gaban alƙali ba ce.

Ya kira Alhaji gefe ya gaya masa a hankali. Bai san Abdulrauf na bayan bishiyar gwaba ba. Cikin minti biyar muryar Hajiya Hamida ta fito daga ɗaki, tana cewa dama ta yi zargi, ai matar ke share mata ɗaki, tare suka ƙulla. Abdulrauf ya ce to sai a tafi da su biyun.

Talatu na tsaye da ludayi a hannu. Ta dubi ubanta ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. 

*

Iska ta taso, ganyen dabino ya fara kaɗawa. Nata'ala ya koma lambu yana sassarfa, abin da ya manta rabon da ya yi. In ruwan nan ya sauko, ƙasa ta rufe bakinta ke nan. Wuri ɗaya ya rage bai duba da gwiwa ba: magudanar ruwa, wadda zurfinta ya kai gwiwar mutum, ciyawa ta rufe gaɓarta.

Ya buɗa ciyawar da hannu. A nan sawun ya sauya. Mai takalmin bai sauka yana fuskantar gaba ba, a kaikaice ya sauka. Ƙafar dama ta fara sauka a miƙe, ko'ina sawunta sama-sama ne, ta hagu ce ta nutse, ita ta ɗauki nauyin duka. A kan gaɓar kuma ga ramukan yatsu huɗu inda aka dafa. A ɗaya gaɓar, wajen hawa, hagu ta fara hawa, aka jawo dama a baya har ta yi layi. Ya duba na dawowa, haka yake. Wannan ba tsoro ba ne, ba kuma ciki ba. Gwiwa ce da ba ta lanƙwasuwa, kuma ta daɗe a haka, har mai ita ta saba.

Ya san tafiyar 'yarsa tun tana rarrafe, gwiwarta lafiya lau. Amma sauran matan gidan bai ga tafiyar ko ɗaya ba, wata a bayan labule, wata a zaune. Ba zai iya cewa a fito masa da matan mutane ya duba ƙafarsu ba.

Ya ɗauko daron wanki a gindin famfo ya kife a kan sawun. Sannan ya je ya yi ƙaryar da bai taɓa yi ba a aikinsa. Ya ce wa Alhaji ya gano inda sarƙar take, a falalen dutse, amma ba zai fito da ita ba sai gaban duk wani babba da ya kwana a gidan, har Kamilu, don kada gobe a ce shi ya taho da ita a aljihu.

Alhaji ya dube shi sosai. "Ka tabbata, Malam?"

"A kira su kafin ruwa."

In dabarar ba ta ci ba, ya san ya gama. Sunansa zai zube, kuma da shi da maganarsa ba za su ƙara amfanar Talatu da komai ba.

Ya tsaya a ɗaya gaɓar, kusa da daron, yana nuna wa kowa inda zai ƙetare, taku biyu daga gefe. Alhaji ya sauka ya hau. Abdulrauf ya tsallake da tsalle ɗaya, ya miƙa wa uwarsa hannu, ta sauka tana kallon gaba tana tattare mayafi. Sani ya wuce. Aka turo Kamilu da igiyarsa. Talatu ta sauka a hankali, ƙafafu a buɗe, hannu ɗaya a ƙarƙashin ciki, fuskarta gaba. Ba tafiyar da Nata'ala yake nema ba ce.

Yaya Maimuna ce ta ƙarshe. Ta tsaya a bakin magudanar ta ce ita a bar ta a nan, tana hangowa. Nata'ala ya ce kowa aka ce. Alhaji ya miƙa mata hannu, ta ce ya bari, ta saba. Ta juya a kaikaice. Ta zura ƙafar dama a miƙe, ta dafa gaɓa da yatsu huɗu, hagu ta biyo ta nutse. A wajen hawa hagu ta fara, ta jawo dama a baya.

Ɗigon ruwa na farko ya buga daron. Nata'ala ya sunkuya ya ɗaga shi.

Abdulrauf ya fara tambayar ina sarƙar, me ake jira. Alhaji bai kula shi ba. Yana kallon ƙasa, daga tsohon sawu zuwa sabo, daga ramukan yatsu zuwa ramukan yatsu. Ba sai mutum ya iya bin sawu ba. Ya ɗago a hankali.

"Yaya?"

Tsohuwar ta dubi hannunta, da taɓo a yatsu. Ta goge a zane.

"Mayar da daron, Malam," ta ce. "Ya isa."

Ta nemi gefen dutse ta zauna, ta miƙe ƙafar. Ta yi magana ba hawaye, kamar mai ba da labarin wata. Shekara bakwai tana jinyar uwarsu a Taura, ita ke juya ta, ita ke wanke ta, gwiwar ma a can ta lalace. Kwana biyu kafin rasuwar, Inna ta kwance sarƙar daga wuyanta ta sa mata a hannu ta ce tata ce. Ba kowa a ɗakin. Ranar sadakar bakwai Hamida ta ɗauke ta daga cikin kwalla ta ce za ta adana a Kano, gidan Taura ba tsaro. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Ba ta taɓa tambaya ba, don wa zai yarda, kuma Hamida ce ke aiko mata da shinkafar azumi. Sai jiya da safe ta ji za a narka ta.

"Ba sayarwa zan yi ba. So na yi kawai kada a sa ta a wuta. Na fito ta baya na ga taɓo, silifana ba za su iya ba, ga takalmi a gindin famfo. Wallahi ban yi tunanin mai shi ba."

Ta nuna wani tsagi a jikin dutsen. Alhaji ya zura hannu ya fito da ƙullin hankici.

Nata'ala ya juya gare ta. Ya ce, a hankali, tun asuba tana jin ana maganar hannun yaron nan, ta kuma ji an koma kan mai ciki.

"Na ji," ta ce. "Sau uku na tashi in faɗa. In na kai bakin ƙofa sai in ga fuskar ƙannena." Sai a nan muryarta ta karye. "Ka gaya wa 'yarka ta tsine mini in tana so. Ta yi daidai."

Hajiya Hamida ta dubi yayarta. Ta ce ita ba ta san Inna ta faɗi haka ba, ta ƙara cewa ba ta sani ba, sannan ta ja mayafi ta rufe fuska. Abdulrauf, wanda tun safe sharuɗɗa ke bakinsa, ya ce a ƙasa-ƙasa ai wannan maganar gida ce, kada ta fita. Ba wanda ya ƙara ambaton Dutse. Nata'ala ya lura da hakan, ya haɗiye.

Alhaji da kansa ya kwance igiyar, a cikin ruwa, yatsunsa na kasa kama ƙullin. Hannayen Kamilu sun kumbura, sai da Talatu ta riƙe su ta murza kafin ya iya ɗaga su. Alhaji ya roƙe shi gafara gaban kowa, ya fita ƙofa ya gaya wa mutanen gindin darbejiya cewa an ga sarƙa, kuskure ne, Kamilu ba shi da laifi. Suka watse suna cewa dama su ba su yarda ba.

Kamilu ya ce ya yafe. Amma da ruwa ya tsagaita ya ɗaure kayansu a buhu biyu. Alhaji ya bi shi har ƙofa yana cewa ya tsaya ko zuwa kaka, wa zai dasa albasar? Kamilu ya gaya masa ranar da ya kamata a dasa ta, da yawan takin da za a sa, ya yi masa sallama.

Su uku suka tsaya a bakin titi suna jiran motar Jahun. Kamilu ya matsa gaba da buhunan, ya bar uba da 'ya. 

"Baba," Talatu ta ce, tana kallon titi. "Na gan ka a bayan madafi."

Ya sunkuyar da kai.

"Da sawun nawa ne, da ka faɗa musu?"

Da jiya aka yi masa tambayar, da ya amsa kafin a rufe baki. Ya tuna tafin hannunsa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, da tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya ɗauke shi.

"Ban sani ba," ya ce.

Ta gyaɗa kai. Motar ta tsaya, ta riƙe masa ƙofa har ya shiga.

Bayan kaka aka kori shanu bakwai a wani ƙauye kusa da Kafin Hausa, aka aiko da babur a ɗauke shi. Ya fito ya gaisa da ɗan aiken, ya sa aka kawo masa ruwa, ya ce ya gaya musu su nemi wani, shi ya daina.